Kwandonmu da Kwandon Gaya

Ƙwallon kwando ta riga zuwa makarantarmu kafin ta isa sauran ƙauyukan ƙasar Ajingi. Zan faɗi yadda abin ya kasance bi da bi, domin ba na son labari a hargitse.

Ina aji huɗu aka turo mana wani malami da ya koyi wasan a kwalejin horon malamai. Shi ya sa aka share fili a bayan ajujuwa, aka daɓe shi da marmara kamar yadda mata ke daɓen ɗaki. Daga nan ya sa aka saro dogayen itatuwan darbejiya biyu, ya auna su da igiyar awo, aka kafa ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Maƙerin garinmu ya lanƙwasa ƙarfe ya yi zobe biyu, kafinta ya yi allo da katakon tsohuwar ƙofa, mu kuma muka tufka raga da igiyar rama. Zoben nan da ragarsa su ake kira kwando. Malamin bai daɗe ba aka ɗauke shi zuwa wani gari. Ya tafi da igiyar awonsa, ya bar mana fili da ƙwallo ɗaya.

An ce gara ba ta son ɗacin darbejiya. Ta garinmu ba ta ji wannan magana ba. Duk damina sai ta haɗa kai da damshi su cinye gindin itatuwan, mu dawo daga hutu mu tarar allo ya sunkuya kamar mai gaisuwa. Gyaran ba wuya. Manyan ɗalibai su tumɓuke itacen, su sare ruɓaɓɓen wurin, su zuba toka a ramin, su mayar da shi su daddanne da ƙasa. Haka muke yi wa dirkar rumfa a gidajenmu, haka muka yi wa wannan kowace shekara. Ba wanda ya ɓoye abin, ba kuma wanda ya tsaya ya yi tunani a kansa.

Malamin wasanni na biyu, wanda labarin nan ya shafa, ya zo ina aji shida. Mutum ne mai tsari, ba ya son surutu, ba ya maimaita magana. Na so shi tun ranar farko, don ni ma haka Allah ya yi ni. Sai dai tsarinsa bai so ni ba. Ya ce ƙwallon kwando wasan dogaye ne, kuma ga yadda yake zaɓen 'yan wasa: mu yi layi irin na taron safe, gajeru a gaba, dogaye a baya. Sai ya zagaya can ƙarshen layi ya ɗebo daga baya. Idan ya sami adadin da yake so, sai ya ce, "Saura ku watse."

Ni kullum a gaban layi nake. Ba ƙuruciya ba ce, gado ne. Mahaifina ma da ƙyar yake leƙa katangar gidanmu. Na ƙarshen layi kuwa ɗan gwaggona ne, taubashina, wanda ya ɗauko tsawon dangin ubansa. Mun tashi tare, kuma tun muna yara ba mu gama gardamar wane ne bawan wani ba. Duk ranar da aka ce mu watse sai ya ɗaga murya.

"Bawana, je ka riƙe mini takalmi. In ka yi haƙuri, baɗi ka kai ƙuguna."

"Gwangwala," in ce masa, "dogo da hankali ai dace ne. Kai ba a dace ba."

"Malam, ka ji turmi yana magana!"

Malam ba ya dariya, amma ba ya hana mu. Ya san wasan taubasai ba a shiga tsakani.

Wasan dogayen ba shi da rassa. A ɗaga ƙwallo sama inda hannun kowa ba ya kai, a miƙa wa na gaba, shi ma ya miƙa, har ta isa wurin taubashina da ke tsaye a gindin itace. Shi kuwa ya yi ɗage, ya ajiye ta a cikin kwando kamar mai ajiye ƙwarya a maratayi. Ba jifa, ba gudu mai yawa. Kowace shekara abin yana ƙara yi musu sauƙi, suna ta cika baki wai tsawo suke yi. Malam yana jin daɗi, don makarantun kusa da suka fara koyon wasan sukan zo filinmu, kuma ba wadda ta taɓa fita da dariya.

Mu da aka ce mu watse ba mu watse ba. Akwai wata tsamiya a bayan makaranta. Muka samo tsohon kwandon kaba, muka yanke gindinsa, wanda ya fi mu iya hawa ya ɗaure shi a reshe. Bai auna komai ba. Inda ya sami reshe mai ƙarfi nan ya ɗaure, kuma reshen yana can sama. Da farko da ƙwallon tsumma muke yi. Da makaranta ta sami sabuwar ƙwallo sai Malam ya ba mu tsohuwar, mai faci ta ko'ina. A gindin tsamiyar nan muka koyi abin da dole ta koya mana. Tunda ba mai kai hannu, sai jifa. Tunda jifa kai tsaye ba ya shiga, sai a lanƙwasa ta ta hau sama ta sauko ta baki. Tunda saiwoyi sun cika wurin, sai ka iya buga ƙwallo a ƙasa idonka na kan abokin wasanka. Ba mu ɗauki wannan a bakin horo ba. Mun ɗauka muna rage zafin kora ne.

Na shiga aji bakwai a shekarun nan da motoci suka koma bin hannun dama. Na riga na san karatuna daga nan ya tsaya. Mahaifina ya faɗa mini tun da wuri: in na gama, damina gona, rani keken ɗinki a wurin ƙanensa. Ban yi gardama ba, ban kuma ji haushi ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Makaranta tana da singileti biyar da Malam ya kai marina aka rina su shuɗi, ba mai sa su sai wanda zai shiga fili da sunan makaranta. Ina so in sa ɗaya, in shiga fili, ko sau ɗaya, kafin in bar wurin. Wanda bai taɓa tsayawa a gaban layi ba zai ga abin ƙarami ne.

Ana cikin kakar gyaɗa Malam ya sanar da mu cewa wata makaranta a Gaya ta gayyace mu wasa. A lokacin Gaya ita ce birninmu. Da yawanmu ba mu taɓa wuce ta ba. Malam ya zaɓi dogayensa kamar kullum, biyar na shiga da uku na jira. To, yawancin dogayen nan samari ne da suka shiga makaranta a makare, kuma a lokacin cirar gyaɗa uba ba ya sakin saurayi da sauƙi. Ranar tafiya uku ba su zo ba, suna gona. Malam ya tsaya ya dubi layi, ya ga na tsakiya ba su san wasan ba sam. Sai ya zo gaba, abin da bai taɓa yi ba, ya nuna ni da abokaina biyu na gindin tsamiya.

"Ku hau mota. Amma ku ji da kyau, ba wasa za ku yi ba. Zama za ku yi, don kada a ce mun zo ba mu da na jira."

Muka ce, "To, Malam."

Motar gyaɗa ce ta ɗauke mu, muka zauna a kan buhuna. Taubashina ya sa singiletinsa tun daga gida don mutanen hanya su gani. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya dafa kaina.

"Ku riƙe mini bawana kada iska ta ɗauke shi, kawu ya ce in biya."

"Kai dai ka sunkuya," na ce, "ga reshe nan. Ba mu da tsanin da za mu sauko da kanka."

Muka isa bayan azahar. Filinsu ya fi namu kyau, wannan ba gardama. Sandunan ƙarfe ne aka kafa da siminti, allon an shafe shi da farin fenti, ga layuka an ja da farar ƙasa. Ɗalibai sun kewaye wurin, har da mutanen gari. Aka ba mu ƙwallo mu ɗan motsa jiki. Taubashina ya karɓa, ya taka da isa zuwa gindin sanda, ya yi ɗage, ya miƙa hannu kamar yadda ya saba. Hannunsa bai kai ko ragar ba. Ya yi tsalle, yatsunsa suka shafi raga, ƙwallon ta bugi ƙasan zobe ta dawo masa a goshi. 'Yan kallo suka kwashe da dariya.

Ya juyo yana shafa goshi. "Malam, sun ɗaga nasu! Wallahi sun ɗaga don sun ji labarinmu!"

Malam ya je ya yi magana da malamin wasannin Gaya cikin ladabi. Mutumin ya ce tun da aka kafa sandunan ba a taɓa su ba, kuma awon ƙa'ida ne. In ana so a kawo igiyar awo. Malam ya ce a bari. Ya dawo ya tsaya a ƙarƙashin kwandon, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo wurinmu.

"Itacenmu, sau nawa aka sare gindinsa?"

Wani daga cikin dogayen ya ce, "Duk shekara, Malam. Tun kafin ka zo."

"Kamar yaya ake sarewa?"

Ya nuna da hannu, taƙi ɗaya da wani abu.

Malam ya sake duban kwandon. Nan kowa ya gane a lokaci guda. Ba su ne suke tsawo haka ba. Kwandonmu ne yake saukowa yana tarar su.

Aka busa usur. Mu uku muka zauna a kan benci muna kallo. 'Yan Gaya dogayensu biyu ne kawai, sauran ukun ba su fi ni da komai ba. Ukun nan suka hana dogayenmu sakat. Kafin namu ya sunkuya, an zare ƙwallo daga hannunsa an wuce. Idan kuma namu suka yi sa'a suka kai ta gindin sanda ta sama, sai a tsaya cirko-cirko, don ba wanda ya taɓa koyon jifa. Wani ya wurga da ƙarfi ta daki allo ta dawo tsakiyar fili. Wani ya wurga ta wuce allon gaba ɗaya, yara suka bi ta da gudu suna ihu. Ba zan ce namu ba su yi komai ba. Duk ƙwallon da 'yan Gaya suka jefa ta ƙi shiga, taubashina ne yake cafke ta a sama, kuma ya mare musu jifa da dama. Ba don shi ba da abin ya fi haka muni. Amma tarewa ba ci ba ce. Aka je hutun rabin lokaci suna gaba da nisa, mu kuwa ko sau ɗaya ba mu ga ƙwallonmu ta ratsa raga ba.

Dogayen suka zube a ƙasa suna haki. Malam ya tsaya ya harɗe hannu a baya. Ni ina da magana a baki, amma ba a yi mini tarbiyyar faɗa wa malami aikinsa ba. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Sai na ji muryar taubashina, ba wasa a cikinta.

"Malam, in yi magana?"

"Yi."

"Ka sa bawan nan nawa. Kwandonsu na tsamiya ya fi wannan bisa, kuma na sha ganinsu suna zurawa. Mu dai yau an kai mu inda ba mu kai ba."

Malam ya dube ni. "Gaskiya ne?"

"Muna zurawa, Malam. Ba kullum ba."

Ya dubi dogayen, ya dube mu. Na san abin da yake aunawa, don ni ma da ni ne zan auna shi: mutum ya kafa doka a gaban yara tun zuwansa, yanzu ya karya ta a gaban baƙi. Daga ƙarshe ya nuna dogaye uku ya ce su tuɓe singileti. Ya bar taubashina da wani guda.

"Ku biyu, aikinku tarewa da cafkewa. Duk wadda kuka kama, kada ku riƙe, ku ba waɗannan. Ku kuma ku yi irin wanda kuke yi a bayan makaranta. Kada in ga mutum ya tsaya."

Singiletin da aka miƙo mini jiƙe yake sharkaf da gumin wani, ya sauko mini har gwiwa. Na cusa shi cikin gajeren wando, ya yi mini tulu a ciki. Ban taɓa sa rigar da ta yi mini daɗi kamarsa ba, har da ta aurena.

Da muka shiga wani daga cikin 'yan kallo ya yi ihu, "Ajingi sun kawo 'yan aji ɗaya!" Aka yi dariya. Ban waiwaya ba.

Jifana na farko bai je ko'ina ba. Na kutsa har kusa da sanda, na ɗaga ƙwallo, sai wani dogon Gaya ya miƙo hannu daga sama ya mare ta kamar mai korar ƙuda. Ta fice waje. A gindin tsamiya ba mu taɓa wasa da dogo ba, ban san hannu yana zuwa daga can ba. Na biyu ma haka. Taubashina ya zo ya sunkuyo daidai kunnena.

"Kai, uban wa ya ce ka kai masa abinci har baki? Tsaya can nesa. Ni zan tsaya masa a gaba, in ya iya ya tsallake ni."

Haka aka yi. Abokina ya zare ƙwallo a tsakiyar fili, ya ba ɗayan, ɗayan ya bugo mini ita ta ƙasa, ta tsakanin ƙafafun mutane. Ina gefe, nesa da sanda. Dogon Gaya ya taso, sai ya ci karo da ƙirjin taubashina wanda ya kafe kamar dirka. Na sami sarari. Na lanƙwasa ta sama yadda na saba. Ta hau, ta sauko, ta ratsa raga ba ta taɓa ƙarfe ba.

Ban yi tsalle ba, ban yi ihu ba. Na juya na koma wurina da gudu, don Malam ya ce kada ya ga mutum ya tsaya. Amma taubashina ya cika filin da murya.

"Bawana ne! Ni na raine shi!"

Daga nan wasan ya zama wasa. Su cafke, mu gudu. Mu jefa, in ta ƙi shiga su kamo su dawo mana da ita mu sake. Abokaina biyu suka zura nasu, ni ma na ƙara. Har taubashina ya gwada lanƙwasawa daga kusa, ta yi rawa a bakin zobe ta faɗa ciki, ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na aro. 'Yan kallon da suka kira mu 'yan aji ɗaya suka koma tafa mana.

Amma zan faɗi gaskiya yadda take. Can wajen ƙarshe numfashinmu ya ƙare. Gajere da gudu yake cin abinci, kuma gudu yana ƙarewa. Dogo kuwa ko ya gaji ba ya raguwa. Da ƙafafunmu suka yi nauyi, dogayen Gaya biyu suka riƙa karɓar ƙwallo ta saman kawunanmu muna kallo. Da a ce mu biyar duk gajeru ne, da ba mu taɓa ko ƙwallon da ta dawo daga allo ba. Da kuma an bar dogaye biyar, da mun koma gida ba ci ko ɗaya. Abin da na gani da idona ke nan a ranar, kuma duk wasan da na kalla daga baya bai sa na canja ra'ayi ba. Mai cewa tsawo ne komai bai je Gaya da mu ba. Mai cewa tsawo banza ne bai ji hannun dogo ya mare masa ƙwallo ba.

Aka busa usur na tashi. Sun ci mu, amma tazarar ta ragu ƙwarai, har malaminsu ya zo ya ba kowannenmu hannu. Muka yi sallar la'asar a masallacin makarantar, muka nemi motar komawa.

A mota Malam ya zauna tare da mu a baya, bai shiga gaba ba. Sai da muka yi nisa ya yi magana, kuma a jere ya yi ta, yadda ya saba. Za a nemo giginya, wadda gara ba ta ci, a kafa ta da awo. Dogaye za su je gindin tsamiya su koyi jifa, gajeru su zo fili su koyi wasa da dogo a gabansu. Ya gayyaci 'yan Gaya su zo mana kafin ƙarshen shekara, sun kuma amsa. Sannan ya dube ni.

"Ranar da za su zo, da kai za a fara. Kullum bayan la'asar ina son ganinka a fili."

Na ce, "To, Malam." Amma na san bayan la'asar a lokacin kaka ba nawa ba ne, na mahaifina ne.

Na same shi a ƙofar gida yana kaɗe ƙasa daga fartanya, rana ta kusa faɗuwa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Kun dawo? Kun ci?"

"An ci mu, Baba."

"To murnar me kake yi, baki har kunne?"

"Na shiga. Na jefa ta shiga."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, abin da ba ya ɗaukar lokaci. "Kai? A cikin dogayen nan?"

"Ni, Baba."

Na faɗa masa abin da Malam ya ce game da bayan la'asar. Ya ci gaba da kaɗe fartanyarsa, har na ɗauka bai ji ba. Can ya jingine ta da bango.

"Gyaɗa ba ta san ƙwallo ba. Daga makaranta ka wuce gona, ka cire rabonka. In ka gama kafin la'asar, ka tafi." Ya miƙe zai shiga gida, sai ya tsaya a bakin zaure. "Ranar da mutanen Gayan za su zo, ka faɗa mini da wuri. Ina so in ga fuskar ɗan gwaggon nan naka yana miƙa maka ƙwallo."